Kafin Motar Asibiti Ta Iso

Asibiti na yau da kullum ya san baƙinsa. Mai ciwon suga yana da ranar ganin likita, mai gwaiwa an rubuta masa ranar tiyata tun watan jiya, mai juna biyu ma an ƙiyasta watan haihuwarta. Wanda tirela ta murƙushe motarsu a hanyar Kano zuwa Zariya da ƙarfe 2 na dare ba ya cikin littafin kowa. Bai yanki kati ba, bai zo da ɗan'uwa ba, wataƙila ko sunansa ba zai iya faɗa ba. Ranar da asibiti ya buɗe sashen kula da masu munanan raunuka, mutanen gari gini suke gani da sabon fenti da allo a bakin ƙofa. Ma'aikatan ciki kuwa sun san an ɗauki alƙawari ne da bakin kowa: mai ajiyar jini, mai dafa kayan tiyata, mai tayar da janareta, mai karɓar kuɗi, har maigadin da ke riƙe da makullin get.

Alƙawarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce hatsarin hanya kaɗai yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen ajalin masu shekara 5 zuwa 29. Ba a ma sa ƙuna da harbi da sara da faɗowa daga gini a wannan lissafi ba.

Tsarin da ake bi yau wajen karɓar mai rauni ya samo asali ne daga wani dare na shekarar 1976. Wani likitan ƙashi, James Styner, yana tuƙa ƙaramin jirgin sama da iyalinsa ya faɗi a jihar Nebraska ta Amurka. Matarsa ta rasu nan take, uku daga cikin 'ya'yansa huɗu suka ji mummunan rauni. Da ya samu ya kai su wani ƙaramin asibitin karkara, ya tarar da ƙofa a kulle, kuma da aka buɗe ya ga ma'aikatan ba su da shirin irin wannan aiki. Shi da abokan aikinsa suka tsara wani kwas da aka fara koyarwa a 1978, Ƙungiyar Likitocin Tiyata ta Amurka ta rungume shi a 1980. Gundarin kwas ɗin magana ɗaya ce: a fara da abin da zai fi saurin kashe mutum, ba abin da ya fi tayar da hankalin ido ba.

Aikin yana farawa da waya. Jami'in hukumar kiyaye haɗura ko direban motar asibiti ya kira ya ce mutum nawa ne, me ya same su, minti nawa ya rage su iso. Kira ɗaya daga nan sai ya tashi mutum shida ko bakwai, kuma kowa ya san inda zai tsaya tun kafin gado ya shigo. Likitan sa barci yana wajen kai. Likita ɗaya a dama, nas a hagu, wani riƙe da almakashi, wata riƙe da biro da takarda tana kallon agogo. Shugaban tawagar yana tsaye wajen ƙafafu, hannuwansa a naɗe. Baƙo zai ɗauka shi ne marar aikin yi a ɗakin. An hana shi taɓa majinyaci ne da gangan, domin duk wanda ya sunkuya kan rauni ɗaya ya daina ganin sauran jikin, kuma dole a samu mutum ɗaya da idonsa ke kan komai.

Idan mutanen da aka kawo suna da yawa, akwai nas a bakin ƙofa da aikinta tantancewa ne, wato ta raba wa za a fara gani. Wannan dabara ta faro tun zamanin Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon, wanda ya ce a duba soja gwargwadon rauninsa, ba gwargwadon muƙaminsa ba. A Afirka ta Kudu an tsara ma'auni mai launuka da asibitoci da dama na nahiyar suka ɗauka, cikinsu har Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi: ja a gan shi yanzu, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore cikin awa 4. Ƙwararriyar nas ba ta bin ihu. Wanda ke kururuwa yana kiran mahaifiyarsa ya nuna mata maƙogwaronsa a buɗe yake kuma jini na kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya yi shiru a gefe, gumi mai sanyi na keto masa, shi take nufa.

Da an sauke majinyaci, likita ya sunkuya ya ce, "Sannu Malam, yaya sunanka?" Gaisuwa ce, gwaji ne kuma. In ya amsa da murya sarai, an san abu uku a numfashi ɗaya: hanyar iska ba ta toshe ba, huhu yana aiki, hankali yana nan. In ba amsa sai gurnani, a tura muƙamuƙi gaba da yatsu ba tare da an lanƙwasa wuya ba, a zuƙe jini da amai da na'ura. Duk wannan lokaci wani yana riƙe da kan da hannu biyu, domin ƙashin wuyan da ya tsage yana iya yanke laka idan aka juya shi da garaje. Mutane da yawa sun shanye ne a hannun masu taimako da suka ciccibo su da kyakkyawar niyya suka cusa a bayan mota.

Daga nan sai ƙirji. Likita ya duba ko ɓangarorin biyu suna ɗagawa tare, ya saurara, ya ƙwanƙwasa. Idan haƙarƙari ya huda huhu, iska takan taru a cikin ƙirji ta rasa hanyar fita, ta danne huhun, ta tura zuciya gefe, har jini ya kasa komawa cikinta. Ba a jiran hoto a nan. A tsaga fata a gefen ƙirji ƙasa da hammata, wajen haƙarƙari na biyar, a shigar da roba ta saman ƙashin. Ta sama, ba ta ƙasa ba, saboda jijiyoyin jini suna bin gefen ƙasa na kowane haƙarƙari. Ɗaya bakin robar a nutsa shi cikin kwalba mai ruwa da ke ajiye a ƙasa, iska ta fita tana kumfa, ruwan ya hana ta komawa.

Jini shi ne babban abin farauta. Baligi yana da kusan lita 5, kuma saurayi mai ƙarfi yana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 kafin awon jininsa ya faɗi, don haka gwani ba ya yarda da awo shi kaɗai. Yana taɓa tafin hannu ya ji sanyi, yana ƙirga bugun zuciya, yana kallon leɓe. Ya san jinin da ba a gani ba wuri huɗu yake ɓuya: ƙirji, ciki, ƙugu, cinya. Ƙashin cinya ɗaya in ya karye yana iya haɗiye lita guda ko fiye. Ƙugun da ya buɗe kuwa, zanen gado ma ya isa a ɗaure shi tamau daidai kan ƙasusuwan kwatangwalo, zubar ta ragu. Don leƙa ciki sai a ɗora kan na'urar sikanin a wuri huɗu, ƙasan ƙashin ƙirji don zuciya, dama wajen hanta, hagu wajen saifa, sannan mara. Baƙin layi a allo yana nufin jini ya taru. A sa allurar ƙarin ruwa guda biyu, gajeru masu faɗin baki, domin gajere mai faɗi ya fi dogo siriri saurin kai ruwa. A ba da maganin taraneksamik, mai hana gudan jini narkewa. Wani gwaji da aka yi kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, aka buga a 2010, ya nuna yana rage mutuwa, kuma amfaninsa cikin awa 3 na farko yake. Shi ya sa mai biro take tambayar direba ƙarfe nawa hatsarin ya faru.

Sai a auna hankali da ma'aunin Glasgow na 1974, wanda ke ba da maki daga 3 zuwa 15 bisa buɗe ido, magana da motsi. Wanda ya samu 8 ko ƙasa ba zai iya tsare maƙogwaronsa ba, sai an sa masa robar numfashi. A ƙarshe a yanke tufafi da almakashi, mutum huɗu su juya shi gaba ɗaya ba tare da bayansa ya lanƙwashe ba, a duba ko akwai rauni a baya, a rufe shi da bargo nan da nan. Bargon sutura ne, kuma magani ne, domin jinin mutumin da ya yi sanyi ba ya daskarewa.

Tawagar da ta iya aikinta tana gama wannan cikin 'yan mintoci. Amma kowace roba, kowace leda, kowane hasken lantarki da ta yi amfani da shi, wani ne ya tanada a wani lungu na asibitin, kuma a nan ne sabon sashen yake sauya rayuwar kowa.

Ma'ajiyar jini ce ta fara jin nauyin. A yawancin asibitocinmu, in za a yi wa mutum ƙarin jini, 'yan'uwansa ake cewa su kawo wanda zai bayar. Matafiyin da aka kwaso daga kan titi ba shi da kowa a garin, kuma ba zai kai safiya ba. Dole firji ya kasance da jini tun jiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan yana nufin neman masu bayarwa don Allah a makarantu da masallatai da coci-coci, da gwada kowace leda don ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu da tunjere. Jajayen ƙwayoyin jini ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 6, suna kai kwana 35 zuwa 42. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini kuwa ba sa son firji, a ɗumin ɗaki ake ajiye su kan na'urar da ke jijjiga su, kuma kwana 5 ne ƙarfinsu. Ruwan jini a daskare yake, sai an narkar da shi. Cikakken gwajin dacewar jini yana cin kusan awa guda, don haka ledojin farko rukunin O ne, wanda kowa ke iya karɓa. A nan ma akwai ilimi: O nagetif ba shi da yawa a cikinmu, sai a adana shi don 'yan mata da matan da ke cikin shekarun haihuwa, a ba maza O fozitif. Majinyacin da ba a san sunansa ba a ɗaura masa lamba a wuyan hannu, a rubuta lambar a kwalbar gwaji a gefen gadonsa, ba a kan tebur ba. A daren da aka kawo mutum biyar marasa suna daga mota ɗaya, wannan rubutu shi ne tsakanin ceto da kisa.

Ɗakin tiyata ne wuri na biyu, kuma nan ne ake samun ɓacin rai. Ga dattijon da ya taso daga ƙauye don a yi masa aikin gwaiwa, bai ci komai ba tun tsakar dare, an sa masa rigar tiyata, sai nas ta zo ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai wani satin." An shigar da mai fasasshiyar saifa a madadinsa. Hukuncin daidai ne, amma dattijon nan ya yi asarar kuɗin mota da na masauki, kuma asibitin da ya bari haka ta riƙa faruwa kullum bai gama shiri ba. A Birtaniya, wani bincike kan mace-macen da ke biyo bayan tiyata da aka fitar a 1987, da waɗanda suka biyo bayansa, sun sa asibitoci ware ɗaki guda don aikin gaggawa kaɗai, da ma'aikatansa a shirye. Akanta in ya leƙa ya ga ɗaki ba kowa da ma'aikata a zaune, ransa zai sosu. Amma zaman nan ba zaman banza ba ne. Sun duba na'urar sa barci da safe, sun gwada fitilu, sun ƙirga kaya, sun san inda kowane almakashi yake.

Mai mummunan rauni ma ba sau ɗaya yake shiga tiyata ba. A 1993 wasu likitoci a Filadelfiya suka yaɗa dabarar taƙaita aikin farko: a buɗe ciki, a cusa ƙyallaye a danne inda ke zuba, a ɗaure hanjin da ya fashe, a rufe na wucin gadi, a fita. Dalili shi ne jikin da ya yi sanyi, jininsa ya yi tsami, ya daina daskarewa, ba zai jure aikin awa shida ba komai gwanintar likita. Sai a kai shi ɗakin kulawa ta musamman a ɗumama shi, a gyara jininsa, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a yi gyara na sosai. Ina ganin girman likita a nan, a ce mutum ya iya aiki amma ya ajiye wuƙa don ya ga jikin ba zai ɗauka ba. Nas ɗin tiyata ta rubuta ƙyalle nawa aka bari a ciki, domin adadin nan ne za a ciro.

Bayan bangon ɗakin akwai waɗanda majinyaci ba zai taɓa ganinsu ba. Kowane faranti na kayan aiki sai an wanke shi, an jera, an naɗe, an sa a tukunyar tururi, digiri 121 na minti 15, ko 134 na minti 3. Da can ana rufe wannan sashe da yamma. Yanzu in an yi aiki uku kafin asuba, sai an dafa kaya cikin dare ko a rasa na safe. Haka mai ɗaukar hoto, haka ɗakin gwaji, haka masu wanki. Mai janareta kuwa ya san daƙiƙa nawa ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin injinsa, domin akwai wanda na'ura ce ke yi masa numfashi. Mai kula da iskar oksijin yana ƙirga tukwane kafin ya tashi aiki, ba lokacin da aka zo nema ba.

Kantin magani lissafinsa ya fi bayyana a ranar gobara. Lokacin da tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, sama da mutum 150 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna da yawa zuwa asibitocin yankin. Fatar da ta ƙone tana zubar da ruwan jiki ba tsayawa. Lissafin Parkland da aka daɗe ana amfani da shi ya ce a ninka mililita 4 da nauyin mutum da kason jikinsa da ya ƙone. Mai kilo 60 da ya ƙone kashi 40 yana buƙatar mililita 9,600 a kwana ɗaya, wato kusan leda 20 ta rabin lita, kuma rabinsu cikin awa 8 na farko, ana ƙirgawa daga lokacin ƙunar, ba lokacin isowa ba. In irinsa ashirin ne, leda 400 ke nan kafin gobe war haka.

Sai gado. Masu nazarin asibitoci sun daɗe da lura cewa in gadaje suka cika fiye da kashi 85 cikin 100 a kai a kai, ranar da za a rasa inda za a kwantar da mutum tana nan tafe. Masu rauni kuma suna daɗewa. Wanda aka rataya wa nauyi a ƙafa don karayar cinya yana shafe sati shida ko fiye a kwance, wasu har su gaji su sa hannu su tafi wajen mai ɗori. In aka zura ƙarfe a cikin ɓargon ƙashin, cikin kwanaki yana dogara sanda. Akwai irin ƙarfen da Dakta Lewis Zirkle ya fara yaɗawa a 1999 don asibitocin da ba su da na'urar hoto a ɗakin tiyata. Don haka sayen ƙarfen ƙashi da ɗaukar masu motsa gaɓoɓi hanya ce ta samun gado ga mai zazzaɓin taifot da ke jira a benci. Ana naɗa nas guda da aikinta zagaya ɗakuna da safe da yamma, ta san wa za a sallama, wa za a iya sauko da shi daga kulawa ta musamman, wane gado ne zai samu kafin dare.

Teburin kuɗi ne ya fi wahalar sauyawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi yi wa mutum maganin gaggawa a Najeriya, dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Amma doka ba ta cika akwati. Asibitin da ya ɗauki abin da gaske yana ajiye kayan awannin farko a cikin sashen, a yi amfani da su, a rubuta, a nemi kuɗi daga baya, kuma ya yarda tun farko cewa wani kuɗin ba zai dawo ba.

Wahalar tana biya. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2006 ya gano haɗarin mutuwa ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100 ga waɗanda aka kai cibiyoyin raunuka na sosai. Ingila ta tsara nata cibiyoyin a 2012, bayan shekara biyar aka ga damar rayuwar masu munanan raunuka ta ƙaru da kusan kashi 19. Akwai kuma ribar da ba ta shiga waɗannan alƙaluma. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa da ƙarfe 3 na dare ta tarar da jini a firji da likitan sa barci a farke. Yaron da hanjinsa ya huje ya samu ɗakin tiyata a buɗe. Dattijuwar da ta yanke jiki ta faɗi ta samu mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a bakin aiki. Ba don su aka yi tanadin ba, amma sun ci moriyarsa.

Abin da ke riƙe duk wannan shi ne rajista da taro. Takardar da mai biro ta cika ana shigar da ita littafi: ƙarfe nawa ya iso, ƙarfe nawa jini ya zo, ƙarfe nawa wuƙa ta taɓa fata. Sau ɗaya a wata ko a sati sai a zauna, likitoci da nas-nas da mutanen ɗakin gwaji da na hoto, a ɗauko fayil ɗin duk wanda ya rasu ko ya sha da ƙyar. Tambayar da ake yi ita ce ina minti ashirin ɗin nan suka tafi. Sau da yawa amsar ƙarama ce: makullin firji yana aljihun wanda ya tafi cin abinci, keken tura majinyaci tayarsa ta lalace, lambar wayar da ke manne a bango ta wanda aka sauya wa wurin aiki ce. A rubuta gyaran, a rubuta wanda zai yi shi da ranar da zai kawo bayani, a ɗauko fayil na gaba.